Hoto Tangaran, Magana Cikin Hayaniya: Ina Kunnen Daraktocin Finafinan Waya?

Duk wanda ke bin gajerun finafinai da shirye-shirye masu dogon zango da matasanmu ke ɗauka da wayar hannu suna zubawa a YouTube da TikTok da Facebook, ya san an samu ci gaba ta fuskar hoto. Launi ya fito, fuskokin 'yan wasa sun fito tangaran, har akwai waɗanda suka iya sa bayan ɗan wasa ya yi dishi-dishi kamar da babbar kyamara aka ɗauka. Amma da zarar an buɗe baki za a yi magana, sai murna ta koma ciki. Iska na bugun makirfo, janareton maƙwabta na ƙugi, fanka na kaɗawa, murya na amsa-kuwwa kamar a cikin rijiya ake zancen. Ƙarshenta mai kallo ya ƙure ƙarar wayarsa, ya kara ta a kunne, ya bar kallon hoton da aka sha wahalar ɗauka don kawai ya ji abin da ake faɗa. Wanda ba shi da wannan haƙurin kuwa, babban yatsa zai sa ya wuce zuwa na gaba.

Idan ka yi wa masu waɗannan finafinai magana, amsar tasu ɗaya ce: "Ai ka san aikin waya ne, sai haƙuri." Ni dai ban karɓi wannan uzuri ba, kuma dalilin wannan sharhi ke nan. Mafi yawan hayaniyar da ke ɓata finafinan waya tun kafin a danna maɓallin ɗauka aka gayyato ta, domin darakta ya tafi lokeshin da idonsa ya baro kunnensa a gida.

Tsohon ciwo ne

Matasan nan gadon matsalar suka yi. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, har zuwa zamanin da kaset da sidi suka cika kasuwar Ƙofar Wambai, sauti ne ɗan bora a industiri. Mai karatu da ya kalli finafinan wancan lokaci zai tuna da wani abin mamaki: waƙa takan fito fes, amma magana sai an kasa kunne. Dalili kuwa a fili yake. Waƙa a situdiyo ake yin ta, a rufaffen ɗaki, mawaƙi na dab da makirfo, 'yan wasa kuma bin ta kawai suke yi da baki a wurin ɗauka. Ita kuwa magana, wadda ita ce ke ɗauke da labarin, sau da yawa makirfon da ke jikin kyamara ake bar wa ita daga nesa. Wato an san yadda ake samun sauti mai kyau, an dai zaɓi a kashe wa rawa da waƙa kuɗin ne.

Haka kuma lokacin da finafinan Indiya da aka fassara da Hausa suka mamaye kasuwa, an yi ta kukan cewa sun janye 'yan kallo. An kawo dalilai iri-iri, amma akwai guda da ba a cika ambata ba: a cikinsu kowace kalma ana jin ta, domin masu fassarar a ɗaki suke zaune, baki kusa da makirfo. Tsohuwa na tsintar shinkafa tana bin labari ba tare da ta ɗaga kai ba. Darasin na nan har yau ba mu ɗauka ba.

Me ya sa abin ya fi yi mana illa?

Fim ɗin Hausa fim ne na magana. Ba mu da motocin da za mu farfasa ko gidajen da za mu ƙona. Jarinmu shi ne zance, habaici, gatse, karin magana, da faɗan uwar miji da matar ɗa. Kuma jama'armu jama'ar rediyo ce, da yawa sauraren fim suke yi fiye da kallonsa, ana girki, ana ɗinki, ana jiran mai sayen kaya a shago.

Bugu da ƙari, ita Hausa harshe ce da ƙaramin bambancin sauti ke juya ma'ana. Tsakanin "baki" da "baƙi" harafi ɗaya ne, haka tsakanin "bari" da "ɓari". "Gari" da ake zama a ciki da "gari" na tuwo tsawon wasali ne ya raba su. "Kuka" na hawaye da "kuka" ta miya karin sauti ne ya bambanta su. To idan ƙugin janareto ya danne waɗannan ƙananan alamomi, mai kallo cike gurbi yake yi da hasashe, ga shi kuma ɗan wasan da ya sha wahalar sarrafa muryarsa ya yi aikin banza. Na ga fitowar da uwa ke yi wa ɗanta wasiyya a kan gadon asibiti, 'yar wasan ta yi ƙasa da murya yadda ya kamata, hawaye na zuba, amma abin da ya fi fitowa shi ne fankar silin. Wasiyyar da aka gina labarin gaba ɗaya a kanta, babu wanda ya ji ta. Wannan asara ce ga marubuci, asara ce ga 'yar wasa, cin amanar mai kallo ne kuma da ya ƙona datarsa.

Yadda waya ke ji

Kunnen mutum yana da tacewa. Kana tsakiyar kasuwar Kantin Kwari abokinka na yi maka magana, ƙwaƙwalwarka za ta ture hayaniya gefe ta kamo muryarsa. Makirfon waya ba shi da wannan baiwar. Wani ɗan mitsitsin abu ne a bayan ramin da bai wuce kan allura ba, kuma ta kowace fuska yake kwasar sauti, gaba da baya da gefe. A wurinsa kukan akuya da maganar jarumi darajarsu ɗaya.

Abu na biyu shi ne nisa, kuma shi ne uwa uba. A ƙa'idar kimiyya, a fili duk lokacin da ka ninka tazarar da ke tsakanin baki da makirfo, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yakan koma kashi ɗaya bisa huɗu. Hayaniyar wuri kuwa tana nan yadda take. Saboda haka wayar da aka kafa a mita 2 don a samu hoto mai faɗi, muryar da ke zuwa mata ta raunana kusan sau 100 idan aka kwatanta da ɗan makirfon da aka maƙala a ƙirji, santimita 20 daga baki. Wurin da ya dace da ido daban, wurin da ya dace da kunne daban, ita kuwa waya an haɗa mata ido da kunne a jiki ɗaya. Tushen matsalar ke nan.

Abu na uku, waya tana da wani tsari na daidaita ƙarfin sauti da kanta. Idan ɗan wasa ya yi shiru, sai ta ɗauka ba ta ji da kyau ne, ta ƙara buɗe kunne, nan take ka ji "shuuu" ya taso. Yana soma magana kuma ya lafa. Wannan hawa da saukar da kake ji a tsakanin jimloli daga nan yake. Manhajojin ɗaukar hoto na ƙwararru, irin su Blackmagic Camera da ake samu kyauta, suna nuna ma'aunin sauti a kan allo, kuma duk wanda ke ɗaukar fim bai kalli wannan ma'auni ba, tuƙi yake yi ba fitila.

Kowace ƙara da asalinta

Likita ba ya ba da magani sai ya san cuta. Daraktan da ya ce kawai "sautin ba kyau" bai faɗi komai ba. Ya kamata ya iya rarrabewa.

Idan ƙugi ne mai kauri kamar ana jan buhu a kan makirfo, iska ce, kuma lokacin hunturu abin ya fi muni. Maganinta hular soso, ko ta gashi wadda 'yan sana'ar a Turai ke wa laƙabi da mushen kyanwa, sannan a juya wa iska baya ko a raɓe jikin katanga. Ita ƙarar iska idan ta shiga da ƙarfi ba ta fita, domin ta riga ta murƙushe muryar.

Idan zuuu ne marar yankewa, a duba caja. Wutar lantarkin Nijeriya da Nijar sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa ɗaya, kuma caja marar inganci ko wutar ƙaramin janareto kan tura wannan kaɗawar cikin sauti, musamman idan an jona makirfo mai igiya. A cika batir kafin a fara, a cire caja.

Idan "dit-dit-dit" ne irin wanda rediyo ke yi kafin kira ya shigo, layin waya ne. Tsohon tsarin 2G sau 217 yake tura saƙo a daƙiƙa, igiyar makirfo kuma takan kama shi, kuma a ƙauyukan da ake zuwa lokeshin sau da yawa waya kan faɗa wannan tsari. A danna alamar jirgin sama a wayar ɗauka, sauran ma'aikata su ma su yi haka. Ta nan an huta da kiran da zai katse fitowa a tsakiya.

Idan murya ta fito a toshe kamar an rufe baki da filo, wataƙila yatsan mai ɗauka ne a kan ramin makirfo, ko rigar waya ta rufe shi, ko ƙura ta cika shi. Busasshen buroshi mai laushi ya isa. Kada a zura allura. Ƙwas-ƙwas kuwa motsin hannu ne a jikin waya, ko gogar shadda da sarƙa a jikin makirfon ƙirji. Shaddar da ta sha sitati da bugu tana da kyau a ido, amma ƙararta a kunnen makirfo kamar ana murza leda ce.

Sai amsa-kuwwa, wadda ita ce cutar finafinan "gidan Alhaji". Furodusa ya aro katafaren falo mai tayil da silin mai tsawo don a nuna arziki, murya ta riƙa dukan bango tana dawowa. Tsohon ɗakin ƙasa mai tabarma da labule ya fi irin wannan falo daɗin sauti nesa ba kusa ba. Idan dole sai a nan za a yi, a shimfiɗa barguna da katifu a duk inda kyamara ba ta gani.

Akwai kuma wani abin takaici da na sha gani: an sayo makirfo, an maƙala wa ɗan wasa, ana ganinsa ƙuru-ƙuru a wuyan riga, amma sautin na waya ne. Abin da ya faru shi ne kan igiyar bai dace ba. Mai zobe biyu na kyamara ne, waya mai zobe uku take karɓa, wayoyin da ba su da ramin iyafis kuma sai da mahaɗin da ya dace. Ƙwanƙwasa makirfon da farce na daƙiƙa biyar a saurara ya isa a gane, amma ba a yi ba. An ɓata hoto da makirfo, ba a kuma samu sautin ba. Ba tsuntsu ba tarko ke nan.

Waɗanda suka yi da waya suka yi suna fa?

Matasanmu suna yawan kafa hujja da cewa ai a Amurka ma ana yin fim da waya. Gaskiya ne. Sean Baker ya ɗauki Tangerine da wayoyin iPhone 5s guda uku, aka nuna shi a bikin Sundance a 2015, kuma shi ne mutumin da ya lashe kyautar Oscar ta gwarzon darakta a 2025 da fim ɗinsa Anora. Steven Soderbergh ya yi Unsane a 2018 da iPhone 7 Plus. Danny Boyle ya yi amfani da iPhone 15 Pro Max a 28 Years Later na 2025. A nan gida ma, samarin nan na Kaduna da ake kira The Critics sun ja hankalin duniya a 2019 da gajerun finafinan da suka haɗa da waya da koren ƙyalle.

Sai dai akwai rabin labarin da ba a faɗa. A Tangerine waya hoto ta ɗauka. Magana kuwa akwai ƙwararren mai sauti da na'urarsa daban da makirfonsa, daga baya aka haɗa. Masu fim ɗin sun yarda su yi tsimi a kyamara, amma ba su yi wasa da kunne ba. Mu kuwa mun kwafi rabin da ya yi mana daɗi mun bar ɗayan.

Indiyawan da muke koyi da su ma sun sha wannan gwagwarmaya. Alam Ara, fim ɗinsu na farko mai magana wanda Ardeshir Irani ya yi a 1931, situdiyon da aka ɗauke shi yana kusa da layin dogo a Bombay, don haka sai tsakar dare suke aiki bayan jiragen ƙasa sun daina wucewa. Daga baya suka koma sake naɗar magana a situdiyo tsawon shekaru, har Lagaan na 2001 ya yi suna da ɗaukar magana kai-tsaye a lokeshin. Mutanen 1931 sun hana idonsu barci saboda jirgin ƙasa, mu kuma mun kasa roƙon maƙwabci ya kashe janareto na minti goma.

Kiɗa da manhaja ba sa wanke laifi

Dabarar da aka gada tun zamanin kaset ita ce a lulluɓe hayaniya da kiɗan fiyano. Edita ya ji ƙugi, sai ya ɗora kiɗa mai ban tausayi tun daga farkon fitowa har ƙarshenta. Yanzu mai kallo da abu biyu yake kokawa maimakon ɗaya. Illar da ta fi wannan ita ce an kashe shiru. Akwai lokacin da miji zai furta saki, ɗaki ya yi tsit, wannan tsit ɗin ya fi kowane kiɗa dukan zuciya. Fim ɗin da sautinsa ke da datti ba ya iya yin shiru, domin da ya yi asirinsa zai tonu.

Sabuwar dabara kuma ita ce manhajojin tace sauti masu aiki da ƙirƙirarriyar basira. CapCut na da nata, Adobe na da nata, wayoyin Pixel 8 na 2023 da Galaxy S25 na 2025 sun zo da nasu a ciki, tsohuwar Audacity ma tana rage ƙarar da ba ta canzawa. Suna da amfani, ban musa ba, musamman ga ƙugin firji ko na fanka. Amma idan aka matsa musu, murya takan koma kamar ta mutum-mutumi ko ta wanda ke magana a ƙarƙashin ruwa. Numfashi ya ɓace, shessheƙar kuka ta ɓace, ƙarshen kalmomi ya gutsure. A kunnena, baƙaƙen nan namu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da kuma ts, suna cikin waɗanda suka fi shan wahala a hannun irin wannan tacewa. Garin gyaran gira an rasa ido. A yi amfani da su kaɗan-kaɗan kamar gishiri, a kuma saurara da iyafis da lasifikar ƙaramar waya kafin a saki, tunda da ita yawancin 'yan kallo za su ji.

Ba kowace ƙara ce abokiyar gaba ba

Kada a fahimce ni a baibai. Ba cewa nake yi fim ya zama kamar an ɗauke shi a cikin kwalba ba. Carar zakara da asuba, lugude a turmi, hon ɗin a-daidaita-sahu, tallar mai ƙosai, su ne ke gaya wa kunne a ina ake da kuma wane lokaci ne. Fim ɗin ƙauye da babu kukan tsuntsu ko na jaki a cikinsa ƙarya yake yi. Bambancin shi ne wa ya sa su a wurin. Ƙwararru sukan ɗauki magana tsaf ita kaɗai, su ɗauki sautin gari daban, sannan edita ya haɗa gwargwadon yadda labari ke buƙata, ya ɗaga a nan ya sauke a can. Idan darakta ne ya zaɓi a ji turmi, fasaha ce. Idan turmin ne ya kutso da kansa ya danne jaruma, sakaci ne.

Akwai wata al'ada mai sauƙi da ban cika ganin alamarta a finafinan waya ba. Bayan an gama fitowa, kowa ya tsaya cik a naɗi shirun wurin na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya. Kowane ɗaki yana da irin nasa shirun. Da shi edita zai cike giɓi a duk inda ya yanka, don kada a ji sauti na tsalle idan kyamara ta koma daga fuskar wannan zuwa ta wancan. Kyauta ne, minti ɗaya ne, amma gaggawa ta hana.

Abin da ya rage wa masu shirya fim

Duk abin da na lissafa babu wanda ya fi ƙarfin ƙaramin furodusa. Makirfon ƙirji, mai igiya ko marar igiya, yana nan a kasuwannin waya irin su Farm Centre a Kano, kuɗinsa kuma bai kai na leshin da jaruma ke sawa a fitowa ɗaya ba. Wanda bai da shi ma yana da mafita: waya ta biyu. A kunna manhajar naɗar murya, a ɓoye ta a aljihun gaba na ɗan wasa ko a bayan kwanon da ke gabansa, a tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin a fara don edita ya samu inda zai daidaita baki da murya. A je duba lokeshin a daidai lokacin da za a yi aiki, a rufe ido a saurara na minti biyu: akwai injin markaɗe? Akwai makaranta a kusa? Yaushe ake kiran salla, don a tsara hutu a lokacin? A kashe fanka da firji, a jure zafin na ɗan lokaci. Sannan a ware mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai sa iyafis yana saurare, a kuma ba shi ikon ya ce a sake, ko da darakta ya ce hoto ya yi.

Wannan mutumin shi ne wanda industiri ta daɗe tana rainawa. A jerin sunayen ƙarshen fim za ka ga mai kwalliya, mai abinci, direba, har da wanda ya ba da aron gida, amma sau da yawa ba ka ganin mai sauti, domin babu shi. Masu shirya gasar gajerun finafinai su ma ya kamata su ware kyauta ta musamman ga wannan fanni, mu masu sharhi kuma mu riƙa auna sauti a duk fim ɗin da muka ɗauko kamar yadda muke auna labari da wasa.

Waya ta buɗe ƙofar da a da sai mai jari ke shiga, yaro a Gusau ko Maraɗi ko Zangon Kumasi zai iya ba da labarinsa duniya ta gani. Dama ce babba, kuma zai zama abin kunya a ce labaran sun iso amma ba a jin su. Masu iya magana sun ce kunne ya girmi kaka. Malam darakta, kafin ka ce a ɗauka, tsaya ka saurara tukuna.